Hutun bin shanu a kan doki: Abin da ake saye da dala a Amurka, na taɓa yin sa a Wagini



Kwanakin baya na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, ɗana na fari mai shekara 11 ya tare ni da wayar babansa a hannu. Wani bidiyo ya gani: Turawa ne maza da mata, har da yara, kowa a kan doki da malafa, suna kora jajayen shanu a wani fili mai ciyawa, ga duwatsu a bayansu.

Ya ce, "Mama, wai waɗannan ba makiyaya ba ne, kuɗi suka biya don a bar su su yi kiwo. Da gaske ne?"

Na ce da gaske ne. Ya ce to mu me ya sa ba a yi a nan? Na ce ai ni na taɓa yi, a Wagini, kuma ko kwabo ba a biya ba. Sai ya zaro ido ya ce, "A Wagini? Wajen Fulani? Ba su kama ki ba?"

Duk gajiyar da na kwaso, ranar nan barci bai zo da wuri ba. Yaron nan asalin uwarsa Wagini ne, amma bai taɓa kwana a can ba. Bai taɓa shiga ruga ba, bai taɓa ganin ana tatsa ba. Abin da ya sani game da makiyayi a labaran rediyo ya ji shi, da kuma hirar da muke yi a gabansa muna tsammanin hankalinsa na kan wasa. Na tabbata a gidanki ma akwai yaro irinsa. Shi ya sa na ga ya kamata mu tattauna wannan magana.

Yadda abin yake a can

Abin da yaron ya gani sana'a ce babba a yammacin Amurka, musamman jihohin Montana da Wayomin. Masu gonakin kiwo a can suna kai shanunsu kan tudu idan sanyi ya wuce ciyawa ta fito, su sauko da su kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Tun da dole ne a yi wannan tafiya, sai wasu suka mayar da ita hanyar samun kuɗi. Baƙo zai biya dubban daloli, a ba shi doki da sirdi, ya yi kamar mako guda yana bin garke. Zai tashi da asuba, ya yini a kan doki, ya kwana a tanti. Masu karɓar irin waɗannan baƙi har ƙungiya gare su tun 1926.

Abin da baƙin ke nema shi ne ɗanɗanon wani zamani da ya wuce. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, an riƙa koro shanu daga Tekzas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, irin su Abilin da aka buɗe kasuwarta a 1867. Garke ɗaya yakan kai shanu 2,000 zuwa 3,000, da mutum goma ko goma sha biyu, ana cin kimanin kilomita 20 a rana, a yi wata biyu ko fiye a hanya. Su ne kaboyin da muka gani a fim, kodayake fim bai cika nuna cewa da yawansu baƙaƙen fata ne da 'yan Mekziko ba. Sabon shiga a can baya ake ajiye shi, inda ƙurar garken duka take sauka.

Wannan zamani bai wuce shekara 20 ba. Daga 1874 waya mai ƙaya ta bazu, manoma suka kewaye filayensu, jirgin ƙasa ya matso kusa, jihohi suka kafa dokar hana shigo da shanu saboda cuta. Burtalinsu ya rufe. Ki riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Hutun Disamba a Wagini

Wagini tana cikin ƙaramar hukumar Batsari, ta wajen iyaka da Safana, a yammacin jihar Katsina. Idan kika fuskanci yamma, Dajin Rugu ne har cikin Zamfara. Ƙasa ce ta gero da dawa da shanu, kuma ƙasa ce ta doki, don a nan kusa Ruma take, garin da har yau ake ba da labarin jaruminsa Ɗanwaire.

A Disambar 2001, bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, aka kai ni hutu gidan kakana, Allah Ya jiƙansa. Shekarata 11, daidai shekarun yarona yanzu. Kakan namu manomi ne, amma yana da 'yan shanu bakwai da ya ba wani Ardo amana. Tsarin nasu tun iyaye ne. Da damina Ardo zai shige daji da garke don ya yi nesa da shuka. Da kaka, idan an gama girbi, zai fito ya sauka a gonar kakana, shanu su ci kara da karmami, su bar taki. Kakana ya ba shi damman gero, nonon shanun amana kuma na iyalin Ardo ne. Babu takarda, babu sa hannu.

Na tarar abincin gonar ya ƙare, ruwan tafki ya ja baya, Ardo yana shirin tashi zuwa wajen Runka, inda ya aika aka dubo masa mashaya da ciyawa. Kakana ya ce zai raka su ya ga inda za su sauka. Ni kuwa na sa kuka sai an tafi da ni. Kakata ta ce ina aka taɓa ganin mace ta bi shanu. Shi kuma ya ce, "Ƙyale amaryata, in na bar ta wani zai ƙwace min." Haka aka ɗaura min zani a kan wando, aka naɗe ni da mayafi saboda hunturu, aka ɗora ni gaban sirdi.

A nan ne bambancin farko yake tsakaninmu da Amurka. Makiyayinmu a ƙasa yake tafiya, da sanda a kafaɗa da gorar ruwa. Doki na baƙo ne da mai sarauta. A duk tawagar nan kakana kaɗai ke bisa doki. Kayan gida, wato tabarmi, tukwane da ƙore da aka jera cikin raga, suna kan jakuna da wani takarkari. Ƙananan yara a saman kayan aka ɗaure su. Maraƙin da aka haifa kwana biyu kafin tashi a kafaɗa wani saurayi ya saɓa shi, uwar tana biye da shi tana kuka.

Ba mu tashi da asuba ba, sai da aka yi tatsa, aka kwance maruƙa daga dangwali, hantsi ya ɗaga. Yawancin shanun farare ne, irin da ake kira bunaji, da 'yan jajaye masu dogayen ƙaho, rahaji. Ba kora su ake yi ba. Wani yaro ne ke gaba yana kira, tsohuwar saniya ta bi shi, sauran su bi ta. Tafiya ce ta a ci a matsa, da wuya a wuce kilomita 10 zuwa 15 a yini. Muka bi burtali, gonaki dama da hagu, an dasa cediya da aduwa a gefe don kowa ya san iyakarsa. Duk inda aka tarar da gawo sai an tsaya, domin shi ne icen da ke da ganye da rani, kuma shanu na son 'ya'yansa.

Gaskiyar da bidiyo ba ya nunawa ita ce, kafin azahar cinyoyina sun saluɓe, leɓena ya tsage, ƙura ta cika min hanci. Na so in ce a mayar da ni gida, kunyar kakata ta hana.

Ɓarnar da na jawo

Da la'asar kakana ya sauka zai yi alwala, ya bar ni a kan doki, ya ce in riƙe linzami kar in taɓa komai. Yana juya baya na tuna yadda na ga mahaya suna yi a hawan Sallah, na doki cikin dokin da dugadugaina. Dokin ya zabura, ya kutsa tsakiyar garke. Shanu suka watse. Kusan ashirin suka karya shinge suka afka wata gonar rogo da ba a tone ba. Ni kuwa na saki linzami na rungume wuyan doki ina ihu.

Yaron nan da ke gaba, wanda bai fi ni shekaru ba, shi ya gyara abin. Bai yi gudu ba, bai ɗaga sanda ba. Tsayawa ya yi ya riƙa kiran shanun ɗaya bayan ɗaya, don kowace da sunanta, gwargwadon launinta ko ƙahonta. Sai ga su suna fitowa daga gonar suna nufo shi. Yayansa kuma ya kama ragamar dokin ya sauke ni.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa nake ba ki wannan labari. Babu wanda ya gan mu, da an so da an wuce. Amma Ardo ya ce a tsayar da garke. Shi da kakana suka shiga ƙauyen suka nemi mai unguwa, aka kira mai gona. Aka zo aka ƙirga kunyoyin da aka tattake. Mai gonar ya faɗi abin da yake gani, mai unguwa ya rage, aka daidaita. Ardo ya sa hannu a aljihu, kakana ya riƙe hannun ya ce, "Ardo, ba shanunka suka yi ɓarna ba, jikata ce." Ardo ya ce, "Malam, shanu a hannuna suke." Daga ƙarshe suka raba biyu. Kafin magariba mai gonar ya aiko mana da rogo dafaffe.

Da dare aka hura wuta a tsakiyar garke, shanu suka kewaye hayaƙin. Matar Ardo, da kowa ke kira Inna, ta shafa min man shanu a inda sirdi ya goge ni, ta dama min fura, ta kwantar da ni tsakanin 'ya'yanta. Ba ta ce min komai a kan abin da na yi ba. Washegari dai a kan jaki aka ɗora ni tare da ƙore, har muka isa.

Ina burtalin ya tafi?

In kika je yau, da wuya ki gane hanyar da muka bi. Jama'a ta ƙaru, gona ta ci burtali, ta ci mashaya. Takin zamani ya sa manomi ya daina jiran takin shanu, kara da harawa kuma suka zama abin sayarwa. Abin da ya haɗa kakana da Ardo, wato kowa yana bukatar ɗan'uwansa, ya yi rauni.

Ba wai babu doka ba. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, kuma dajin da ake kira Ruma-Kukar Jangarai a takardun gwamnati yana cikin wuraren da aka yi wa aikin inganta kiwo tun wancan zamani. A faɗin ƙasar nan akwai irin waɗannan wurare fiye da 400, amma waɗanda aka tabbatar a doka ba su kai rabi ba. ECOWAS ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar makiyaya a 1998. Jihar Katsina da jihar Maraɗi sun sa hannu a kan tasu a 2017. A takarda komai yana nan. A ƙasa kuwa, wanda ya fi ƙarfi shi ke shata iyaka.

Sai satar shanu ta zo, kuma makiyaya ta fara ci. Mutum zai kwana da garke ya wayi gari da sanda. Ardonmu yana cikin waɗanda aka kwashe wa dukiya, har da shanun amanar gidanmu. Ya zo da kansa ya faɗa, yana kuka, daga nan ya tashi da iyalinsa, ba mu sake jin inda ya nufa ba. Bayan haka bindiga ta cika daji, aka shiga ramuwar gayya tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai, mai laifi da marar laifi duk aka haɗa. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, duk a Batsari. A Disambar wannan shekara aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, ciki har da na Batsari da Safana, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. A 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta jiha, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu a wurare irin su Jibiya da Batsari. Muna roƙon Allah Ya sa zaman lafiya ya ɗore.

Ba zan rage wa kowa zafin abin da aka yi masa ba. 'Yan'uwana na jini sun bar gonakinsu sun koma raɓe a Batsari da Katsina. A wurin aiki na wanke raunin harsashi a jikin manomi. Amma na kuma karɓi jaririn Bafillatana da tamowa ta cinye, domin shanun da ake tatsa an sace su, ita kuma tana tsoron shigowa gari. A kan benci ɗaya suke zama da matar da aka kora daga ƙauyenta, kowace da yaro a cinya, ana auna musu damtse da ma'auni ɗaya.

Waɗanda suka riƙe nasu

Amurka ta rufe burtalinta, yanzu tana sayar da kwaikwayonsa. Sifaniya kuwa wata hanya ta bi. A 1995 ta yi dokar da ta mayar da hanyoyin dabbobi, kimanin kilomita 125,000, dukiyar al'umma da ba a sayarwa. Tun 1994 ake bikin da makiyaya ke ratsa tsakiyar birnin Madrid da tumakinsu, iyaye su fito da yara kallo. A 2019 UNESCO ta sa ƙaurar makiyaya ta wasu ƙasashen Turai cikin al'adun da duniya za ta adana.

Kusa da mu, Nijar ta yi doka a 2010 da ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. A In Gall ta jihar Agadas, duk ƙarshen damina makiyaya kan taru inda dabbobi ke lasar gishiri, kuma a baya an yi shekaru da dama baƙi daga Turai suna biyan kuɗi don su halarta. A Nijeriya an kafa ma'aikatar kula da kiwon dabbobi ta tarayya a 2024, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2026 a matsayin shekarar makiyaya da filayen kiwo.

Wato abin da yarona ya gani a waya muna da asalinsa. Abin da muka rasa shi ne hanya da aminci.

To yanzu me za mu yi wa yaranmu?

Bari in faɗa ƙarara, kada wata ta karanta labarina ta ɗauki yaro ta nufi daji. Dajin Rugu da kewayensa ba wurin yawon hutu ba ne a yau, ko da an ce miki an yi sulhu. Ni ma ban kai nawa ba, kuma ba zan kai shi ba sai mutanen wurin da kansu sun koma kwana da ido biyu rufe.

Amma akwai abin da ya fi ƙarfin zama haka nan:

Ki fara da mai kawo miki nono. Yawancinmu shekara da shekaru muna saye a hannun mace ɗaya, ba mu san inda rugarsu take ba. Ki shigo da ita, ki ba ta ruwa, ki bar yara su gaishe ta kamar yadda suke gaida kowace babba. In rugar a bakin gari take, wurin da maigida ya sani kuma ya aminta da shi, ku nemi izini ku kai ziyara da safe lokacin tatsa, ku dawo kafin azahar. Ku tafi da tsaraba, goro ko sabulu ko sukari. Kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaya, kuma ki gargaɗi yaro kada ya ƙirga shanun mutane ko ya tambayi yawansu, ba a so.

Babansu ko kawunsu zai iya kai su kara ranar kasuwa, kamar ta Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis. A yini ɗaya yaro zai koyi bambanta bunaji da rahaji da bokolo, ya ga yadda dillali ke aiki.

In doki ne ya shiga ransa, a garuruwanmu ba a rasa masu kilisa da yamma. Katsina gidan doki ce, tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko ake wasan folo a cikinta. Hawan Sallar Kano ma ya shiga kundin UNESCO a 2024. A nemi mai doki mai hankali, a fara da riƙe masa ragama.

Na ƙarshe kuma shi ya fi wuya: mu kula da bakinmu. In za ki ce ɗan bindiga, ki ce ɗan bindiga. Kada ki sa sunan ƙabila a wurin. Yara suna ji.

Shawarar ma'aikaciyar jinya

Tun da aikina ne, ga abin da zan so ki riƙe kafin yaro ya kusanci doki ko garke.

Kai ne abin tsaro. Faɗuwa daga doki ta fi yin illa a ka, don haka a sa masa hular kwano da ta zauna daidai, a ɗaure igiyarta. In ya faɗi ya bugu, ki lura da shi yini da kwana. Amai, barcin da ya wuce kima, ruɗewa, ciwon kai mai ƙaruwa, jijjiga, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk alamun a tafi asibiti nan take ne. In yana kukan wuya ko baya, kada a ɗaga shi a zaunar.

A sa masa dogon wando mai kauri da rufaffen takalmi, ba silifa ba. Ƙafa kada ta shige likkafa gaba ɗaya, don in ya faɗi doki zai iya jan sa. Kuma kada a bar shi shi kaɗai a kan doki ko na minti ɗaya. Ni shaida ce.

Ki koya masa kada ya tsaya a bayan doki, kada ya shiga tsakanin saniya da ɗanta, kada ya yi gudu ko ihu cikin garke.

Madarar da aka tatso yanzu, a tafasa ta kafin a sha. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu, da kuma cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai sa saniya ɓari. A jikin mutum tana zuwa da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumin dare da ciwon gaɓoɓi, sai a yi ta shan maganin maleriya da taifot ba sauƙi. In haka ta faru, ki gaya wa likita an sha ɗanyar madara. Tana da magani, amma sai an yi mako shida ana sha. Mai ciki kuma ta nisanci dabbar da ta haihu ko ta yi ɓari.

In maciji ya sari yaro, musamman kububuwa da ta yi yawa a ƙasarmu, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, tsagawa ƙara zubar jini take. In kare ne ya cije shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a tafi asibiti ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

Ki duba katin rigakafinsa. Allurar da ake yi wa jariri a mako 6 da 10 da 14 tana ɗauke da kariya daga tetanus, cutar da ke shiga ta raunin da ƙasa ko kashin dabba ya taɓa. In ya ji rauni mai zurfi, a kai shi a duba ko yana bukatar ƙari.

Ku tafi da ruwan shanku. In gudawa ta kama shi babu ORS a kusa, ki zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa. Da kun dawo gida ki duba bayan kunne, hammata da matsematsi ko kaska ta maƙale.

Amsar da na ba shi

Washegari da na huta, na kira yaron na ba shi labarin nan tun daga farko, har da rogon da jakin. Ya yi dariya sosai da ya ji an sauke ni daga doki. Da na zo kan Inna da man shanu sai ya yi shiru. Can ya ce, "Mama, shi yaron da ya kira shanun, yanzu yana ina?"

Na ce Allah kaɗai Ya sani. In yana raye, sa'ana ne, wataƙila shi ma yana da ɗa mai shekara 11, wanda aka gaya wa kada ya kusanci mutanen gari.

Ranar Asabar da ta biyo baya, da mai nononmu ta yi sallama, shi ya riga ni fita. Na ji yana tambayarta ko gaskiya ne kowace saniya da sunanta. Ta ajiye ƙwaryarta ta zauna, suka fi rabin awa.

'Yar'uwa, ke fa? Kin taɓa kwana a ruga, ko gidanku an taɓa ba da shanu amana? Akwai sauran burtali a garinku, ko gona da gini sun cinye shi? Ki ba mu labari a ƙasa, musamman ku 'yan'uwanmu na Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya, da ku da kuka tashi a ruga. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya raya mana zuri'a.